Katanga da Tukunyar Fate

Katangar gidana ta gabas ta faɗi a cikin marka, da rana tsaka, ana sheƙa ruwa. Ba ta kashe kowa ba sai wata kaza da 'yan tsakinta. Da ruwa ya ɗauke na fito na tsaya a kan tarin ƙasar. Ga hanyar fadama nan a gabana. Duk mai wucewa yana ganin murhun matata, yana ganin igiyar shanya, yana ganin ƙofar makewayi.

Hannu ɗaya gare ni, na hagu. Na dama injin matse rake ne ya cinye shi ina saurayi, a bayan garinmu, nan wajen Dandamisa, lokacin doki ne ke juya inji. Aka kai ni Zariya aka gyara abin da ya rage. Da na dawo wani kawuna ya ce Allah ya buɗe min hanya, in tafi birni in zauna a bakin masallaci, ba mai ganin wannan dungu ya ƙi sa hannu a aljihu. Ban sake taka gidansa ba. Da ya mutu na je jana'iza, wannan haƙƙinsa ne.

Na koma wurin masu mazarƙwaila. Dafa ruwan rake hannu ɗaya ya isa, in mutum zai iya tsayuwa a gaban wuta. Na yi noma, na kora shanun huɗa, na yi aure, na aurar. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Duk gayyar da aka kira a garin nan ina cikinta. Abin da ba na iyawa in bari, wanda nake iyawa in yi, kamar ɗaukar dami da jan ruwa da tattaka ƙasar gini da ƙafa. In aka sauke abinci in zauna cikin mutane in sa hannun hagu a akushi. Wanda abin ya dama ya tashi. Kaɗan ne suka taɓa tashi.

Haka na san taimako. Ka kira mutane, su yi maka aiki, ka ciyar da su, ranar da suka kira kai ma ka je. A tashi ba wanda ya fi wani.

Amma gayya ta mutu ina kallo. Samari sun tafi Abuja acaɓa, waɗanda suka rage ƙwadago suke so. Na duba katanga na duba hannuna, sai na kafa zana na ce a yi haƙuri zuwa rani. Awaki suka fara cin zanar daga ƙasa. Iska ta kwantar da ita, na tayar, ta sake kwantar da ita. Kafin a yanke dawa ta zama duk ɓula.

Mu uku ne a gidan: ni, da matata, da autarmu. Auta tana babbar sakandaren da ke bakin titi. A makarantar akwai wani kulob na hidimar jama'a, ita ma tana ciki. Ranar Asabar sukan ɗora wata koriyar falmaran a kan kayansu, su fita da tsintsiya da shebur da baro. Su share kasuwa, su yashe kwata, su dasa itatuwa a harabar ƙaramin asibiti. Wata ƙungiyar manya ce ke riƙe da su, 'yan asalin yankinmu da suka yi boko suka yi aiki a Zariya da Kaduna. Su ke sayen falmaran da baro, su ke kafa doka, su ke zuwa da mota su tsaya a inuwa ana ɗaukar hoto. Ban taɓa hana ta ba. Shara ba abin kunya ba ce. Nakan dai ce mata tsintsiyar gida ma tana gaishe ta.

Wata rana bayan la'asar malamin da ke kula da kulob ɗin ya yi sallama a ƙofata. Yaro ne ɗan birni, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kaka, ya tambayi jiki, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Ƙungiya ta amince za ta ba da bulo da siminti da magini, yara su yi aikin ƙarfi, a tayar min da katanga a yini ɗaya.

Na ce, "Wa ya ce muku katangata ta faɗi?"

Ya kalli zanar, ya kalle ni. "Baba, ai ana gani daga hanya."

"Ana ganin ta wasu ma. Wa ya kai tawa?"

Auta ce ta amsa daga bayan zanar.

"Ni ce, Baba."

Na ce ta fito. Ta fito ta tsuguna, kanta a ƙasa, amma muryarta ba ta rawa.

"Kin kai ni bara makaranta?"

"Ba bara ba ce. An ce kowa ya faɗi aikin da ya gani a unguwarsu."

"Sai kika ga ubanki."

"Sai na ga zana. Baba, ni ke wucewa da bokiti a bayan zanar nan. Samarin fadama har rage tafiya suke yi."

Wannan maganar ta shige ni. Ban san da ita ba, ko kuma na sani ban tsaya na duba ba. Sannan na juya wurin malamin.

"Yara za su zo su yi aiki da hannunsu?"

"Da hannunsu, Baba."

"To gayya ke nan."

Ya yi murmushi. "Eh, kamar gayya ne."

"In gayya ce na yarda."

Ya yi godiya ya tafi. Bai ce min komai a kan abinci ba. Daga baya ya ce bai taɓa zaton mutumin da katangarsa ke ƙasa zai ɗora tukunya don taron yara ba. Auta ta san dokar ƙungiya a kan abinci, amma ta ja bakinta. Ta san in na ji tun farko magana ta ƙare.

Na shiga rumbu na ɗebo masara aka kai inji aka ɓarzo tsaki. Matata ta tsinko yakuwa da alayyafo, ta daka gyaɗa, ta aro babbar tukunyar suna a maƙwabta. Na kama zakaran da nake ajiyewa na ce a yanka. Na je fadama na saro rake mai kyau, irin wanda ba na kaiwa inji. Matata ta ce rabon da ta gan ni haka tun auren babbar 'yarmu. Gaskiya ta faɗa. An daɗe ba a taru a gidana an ci ba.

Ranar Asabar da hantsi mota ta sauke bulo daga Hunkuyi. Yara suka iso cikin korayen falmaran, maza da mata, suna ta surutu. Magini ya ja igiya, aka kwashe tsohuwar ƙasa gefe, aka haƙa tushe. 'Yan mata na jan ruwa, maza na kwaɓa siminti, bulo na bin hannu zuwa hannu. Na shiga layin ni ma, in karɓa da hagu in tallafa da dungu in miƙa. Yaran sun iya aiki, wannan ba zan ɓoye ba. 'Ya'yan manoma ne.

Can sai ga wata farar mota ta tsaya a gindin darbejiya. Ciyaman na ƙungiyar ya fito, babbar riga, tabarau, ƙaton ciki. Na san shi tun ba shi da ciki. Tare muka yi karatun allo, tare muka saci rake aka zane mu. Shi aka kama aka kai boko, ni aka bar ni a gona. Ya yi aiki a Kaduna har ya yi ritaya.

Ya ce, "Sarkin taurin kai, kana nan da rai?"

Na ce, "Ina nan, Ciyaman. Wannan ciki wata nawa?"

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Muka gaisa sosai. Ya ce da ya ji gidana ne bai bari an yi gardama a taro ba. Na ce Allah ya saka. Wani saurayi da ya zo da shi ya ɗaga waya yana neman ya ɗauke ni ta ɓangaren dungu. Na ce ya ɗauki katanga, ita ce ta faɗi. Ya sauke wayar.

Gini ya kai gwiwa lokacin da ƙamshi ya fito. Ciyaman ya ɗaga hanci, ya leƙa ta saman bulo, ya ga matata tana juya tukunyar suna da muciya, hayaƙi na tashi.

"Mutumina, biki ake yi?"

"Abincin masu aiki ne."

Fuskarsa ta canza. Ya kalli malamin, malamin ya kalli ƙasa. Ciyaman ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Ba a faɗa maka ba? Yaranmu ba sa cin komai a gidan da suka je aiki. Ko ruwa da namu muke zuwa. Ga shinkafa can a bayan mota, kowa da robarsa."

"Wa ya ce?"

"Doka ce. Mu muka kafa ta."

"Don me?"

Ya ba ni labari. Wata shekara yara sun je wajen Janfalan sun yi wa wata tsohuwa yaɓen ɗaki. Mijinta ya mutu, ba ta da kowa. Ashe da ta ji za su zo sai ta kai akuyarta kasuwa, ita ke nan gare ta, ta yi musu girki. Sai bayan an gama suka ji. Ya ce ranar bai iya cin abinci a gidansa ba. Daga nan suka ce ba a ƙara.

"Mun zo mu rage wa mutum nauyi, ba mu ƙara masa ba."

Na ce, "Akuyar taka ce ko tata?"

"Tata."

"Ta kawo maka ƙara?"

"Ba ta kawo ba. Amma ta yi damina ba akuya."

"Ta yi damina a ɗakin da ta san yadda aka yi shi. Kai ka ƙi cin abinci, ita ta ci nata."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ne ba. Ya ce in duba, ni ba baƙo ba ne, na san bai raina ni ba. Amma in ya karya doka a gidana don mun yi allo tare, gobe duk gidan da yara za su je sai an ɗora tukunya, mai hali da marar hali, don kada a ce wane ya yi wane bai yi ba. Ya ce in raba abincin wa maƙwabta, lada ɗaya ne.

Na ce, "Ciyaman, gonar babanka ta bakin rafi, ka tuna gayyar da aka yi shekarar da kake Kaduna?"

"An faɗa min."

"Na je. Da hannun nan. Na ci tuwon gidanku, har na nemi ƙari. Babanka bai ji kunya ba, ni ma ban ji ba. Yau yaran gari za su yi min gini, su koma gindin motarka su ci shinkafarka, matata na tsaye da muciya. Gobe me sunan wannan katanga?"

"Katanga mana."

"Katangar da aka yi wa gurgun hannu sadaka. Duk wanda ya wuce zuwa fadama haka zai nuna wa ɗansa."

"Ba wanda zai ce haka."

"Ni zan ce. Ni ke kwana a bayanta."

Ya ce doka doka ce, ba shi kaɗai ya kafa ba, ba kuma shi kaɗai zai cire ba. Na ce to.

Na koma wurin ginin na ce wa magini ya dakata. Simintin bai kama ba tukuna. Na sa hannu na girgiza bulon farko, ya saki, na rungume shi da dungu a ƙirji, na kai shi gindin darbejiya na ajiye. Na dawo na ɗauki na biyu. Surutun yara ya ɗauke. Baro ya tsaya. Ba abin da ake ji sai tafasar fate.

Malamin ya zo ya durƙusa. "Baba, don Allah."

"Tashi, ɗana, ba laifinka ba ne. Kauce min."

Ciyaman ya ce, "Haba mutumina. A gaban yara?"

"A gabansu aka fara."

Auta ce ta tsaya a hanyata. Falmaran ɗinta duk siminti. Ba ta yi kuka ba, idonta dai ya yi ja.

"Baba, ni fa?"

"Na ji ki."

"Ba ka ji ba. Da ka ji da ka bari."

Na zagaye ta na ajiye bulon. Abin da ta faɗa gaskiya ne, nawa ma gaskiya ne, kuma hannuna na cikin aiki.

Ban sauke duka ni kaɗai ba. Da magini ya ga da gaske nake sai ya ce gara a cire da kyau da a fasa bulon mutane, ya taya ni. Na ce wa Ciyaman ya kwashe kayansa. Ya ce a bar min, ko ba yanzu ba. Na ce ba na so in wayi gari in gan su a ƙofata. Aka loda su. Na ji an kai makaranta an yi katangar makewayin 'yan mata da su. Wannan ya yi.

Yara suka tafi bakin titi suka ci shinkafarsu. Na kafa zanar a inda take, da ɓularta da komai.

Matata ta jira sai da motoci suka tafi. Sannan ta ce, "Malam, kai ka ƙi, mu ake kallo."

Na ce, "Na sani."

"Faten fa?"

"Yi yadda kika ga dama."

Ta yi yadda ta ga dama. Ta fito da duk kwanukan gidan ta zuzzuba, kowane kwano da tsokar zakara a kai. Ta sa mayafi. Ba maƙwabta ta kai wa ba. Gidajen yaran kulob na garinmu ta bi ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshen gari. Kowane gida ta yi sallama, ta gaisa, ta ajiye kwano a gaban uwar gida ta ce, "Ga abincin ɗanku. Ya yi mana aiki tun hantsi, bai samu ci ba." Ba ta ƙara komai ba, ta wuce gida na gaba. Ni ban sa ta ba. Ban ma san haka ta yi ba sai washegari, da kwanuka suka fara dawowa. Ba wanda ya dawo wayam. Wani da gyaɗa, wani da barkono, wani da ƙwai.

Auta ta daina yi min magana sai gaisuwa. Ta gaishe ni da safe a tsugune, ta ajiye min abinci, ta tashi. Da na ga ta ɗauki bokiti sai in fita in zauna a bakin hanyar fadama da lauje a cinya, kamar ina hutawa. Ba saurayin da ya rage tafiya. Ta san abin da nake yi.

Asabar ta zagayo. Ina ƙofar gida sai ga wani dattijo ɗan unguwar masallaci, wanda na taɓa yi wa ɗaukar dawa shekaru da dama, ya taso jikansa a gaba. Yaron yana cikin waɗanda suka miƙa min bulo. Yau ba falmaran, tsohuwar riga ce a jikinsa da fartanya a kafaɗa.

Dattijon ya ce, "An ce jikana ya yi aiki a gidanka ya ƙi cin abincinka."

"Hana shi aka yi."

"A gidanmu ba a koya masa haka ba. Ga shi nan. A ina za a fara?"

Kafin rana ta ɗaga wasu sun zo. Ba duka ba, na wasu garuruwa ba su zo ba, na garinmu ma akwai waɗanda suka noƙe. Amma sun isa. Muka jiƙa tsohuwar ƙasar, muka ƙaro ta kududdufi da jaki, muka zuba ciyawa. Na naɗe wando na shiga tsakiya. Yaran sun iya kwaɓa siminti amma ba su taɓa tattaka ƙasa ba, suna ta zamewa suna faɗuwa a kan juna. Wani ya ce wannan ai wankan laka ne. Dattijon ya ce masa kakansa da wannan wankan ya gina ɗakin da aka haife shi, ya rufe baki ya taka.

Da azahar matata ta sauke tukunya. Aka shimfiɗa tabarmi. Na zauna a tsakiyar maza na sa hannun hagu. Wani ƙaramin cikinsu ya tsaya yana kallon hannun. Na ce, "Ci, ba ya cizo." Aka yi dariya, aka ci, har aka kankare ƙasan tukunya.

Ginin ƙasa ba ya tashi a yini ɗaya. Sai an buga tubali ya bushe, a ɗora, a jira, a sake ɗorawa. Asabar bayan Asabar muka yi ta yi har rani ya shiga sosai. Ran da akwai hali fate, wata rana dambu, da masara ta ja baya sai kunu da rake. Rumbuna ya ragu a shekarar, mun shiga bazara muna auna tsaki da hankali. Na san haka zai faru tun kafin in fara. Masarata ce.

Malamin ya zo sau ɗaya, ya ce wucewa yake yi. Wucewar ta kai shi har la'asar, wandonsa duk laka. Da aka miƙa masa kwano ya duba hagu ya duba dama, ya ce yau shi ba malamin kulob ba ne, ya karɓa.

Auta tana jan ruwa duk Asabar, ba ta kallon inda nake. Sai ran da katanga ta wuce tsayin mutum, aka yi yaɓe, na cire zanar na jefa wa awaki. Da yamma ta zo ta tsaya kusa da ni tana duban ginin.

"Ta bulo ta fi kyau."

"Ta fi."

"Da tuni an manta da ita."

"Da tuni."

"Wannan ma wata damina za ta faɗi."

"In ta faɗi uwarki ta ɗora tukunya."

Ta yi ƙaramin tsaki, irin wanda ake yi a ciki don kada uba ya ji. Na ji, na ƙyale. Ta ɗauki bokitinta ta wuce, ba wanda ya gan ta sai katanga.

Ƙungiya ba ta canza dokarta ba. Har yau yaran kulob in suka sa falmaran ba sa cin abincin gidan kowa. An ce an yi gardama a taronsu, wasu suka ce ina da gaskiya, wasu suka ce girman kai ne kawai na talaka. Ban aika a tambayo min ba.

Saura abu ɗaya. Yaran nan sun zo min, ban je musu ba.

Na sa kunne har na ji Auta tana faɗa wa uwarta cewa Asabar mai zuwa za su yashe babbar kwatar da ke gaban ƙaramin asibiti kafin ruwa ya sauka. Ranar na ɗauki kwandona da gammo na bi bayanta daga nesa. Na tarar sun fara, masu shebur na ciki suna fito da baƙar laka da leda, masu baro na kwashewa. Baro ya yi kaɗan, laka na taruwa a bakin kwata. Na ajiye kwando na ce a cika. Yaran garinmu suka gane ni, suka cika, suka ɗora min a kai. Na kai juji na dawo.

Farar motar na gindin wata bishiya. Ciyaman ya hango ni, ya taso yana riƙe da bakin riga don kada ta taɓa laka.

"Sarkin taurin kai, me ya kawo ka?"

"Aiki."

"Kai ba ɗan kulob ba ne. Ba ka cikin ƙungiya."

"Ban zo wurinka ba. Yaran nan sun yi min gayya, na zo tasu."

"Ba mu san da wannan gayyar ba."

"Ba a gayyace ku ba."

Ya tsaya yana kallona, laka na ɗiga daga kwando a kafaɗata. Ya ce ya wuce ta ƙofar gidana kwanan baya, ya ga katangar, ta karkace kaɗan ta wajen kudu. Na ce ta karkace, amma na san hannun kowa da ke jikinta. Ya ce ni dai ba zan canza ba. Na ce ya matsa, yana tare min hanyar juji, ko kuma ya cire rigar ya karɓi shebur, ko cikin zai sauka. Yara suka sunkuyar da kai suna dariya. Bai karɓi shebur ba, ya dai matsa.

Muka yi ta yi har rana ta take. Kwata ta buɗe, ruwan da ya daɗe a kwance ya fara tafiya. Aka buɗe bayan mota aka fara raba shinkafa, kowa da robarsa. Na wanke hannu a famfon asibiti, na zo na shiga layi a bayan Auta. Ta waiwayo ta gan ni, ta rufe fuska da hijabi.

Saurayin da ke rabo, shi ne mai wayar nan, ya tsaya da roba a hannu yana kallon Ciyaman.

Na ce, "Kada ka kalle shi. Ni na yi aikin. Miƙo."

Ciyaman ya ɗaga masa kai. Na karɓa, na zauna a bakin kwata cikin yara, na danne robar da gwiwa na buɗe. Akwai cokali a ciki, na ajiye shi gefe na sa hannu. Shinkafar ta yi sanyi, naman kuma ɗan mitsitsi ne. Na faɗa wa Ciyaman haka, na cinye.